Randar Kakata da Rumfar Jirgin Nasara

Idan rana ta take a tsakiyar bazara, kwanon rufi yana wata irin ƙara, ƙas, ƙas, kamar ana jefa masa tsakuwa ɗai-ɗai. Ba na ƙaunar wannan ƙarar. Shekaran jiya ina zaune a ƙofar gida na jiyo ta daga rumfar da maƙwabcinmu ya kafa yana sayar da kayan miya, sai ga jikana ya fito yana ce mini in tashi daga rana in koma cikin angar ɗin can in sha iska. Na ce kai, wanke bakinka. Rumfa ce. A gidan nan ba a kiran wannan kalma, uwarka ma ta sani. Ya yi dariya, wai ai kowa a Damagaram haka yake cewa, daga rumfar kasuwa har ta zaman makoki duk angar ce. Na ce to in kowa ya faɗa rijiya kai ma sai ka bi shi.

Ku da kuke jin kalmar nan kamar da ita aka yi muku huɗuba, bari in gaya muku yadda ta shigo ƙauyenmu, da abin da ta ci kafin ta zauna.

Ni 'yar fari ce. Ana yaye ni aka miƙa ni ga kakata, uwar mahaifina, kamar yadda aka saba, a ɗakinta na yi wayo. Mahaifina soja ne. Ya yi yaƙin Nasara can ƙasarsu, ya dawo ya yi aure, ina goye aka sake kiransa, bai dawo gaba ɗaya ba sai da na fara famfara. Ya zo da akwatin ƙarfe da takalma masu nauyi da Faransanci a baki. Da yake ni ce ta fari, ba ya kiran sunana, ba ya kallona ido da ido, ni ma ba na yi masa magana. Kunya ce ta al'ada, amma daga baya ta zame mana mafaka mu biyu.

Ƙauyenmu yana bakin hanyar da ta fito daga wajen Hamdara ta nufi birni. Kafin ka shiga gari akwai wani fili shimfiɗaɗɗe, babu dutse ko ɗaya, abin da ke da wuyar samu a ƙasarmu, a gefensa kuma itatuwan gawo manya-manya. Kun san halin gawo. Da damina, lokacin da kowane icce ke ado, shi zubar da ganye yake yi ya tsaya tsirara. Sai rani ya kama, kowa ya bushe, sannan ya yi shar. Don haka a watannin da rana ke neman ran mutum, daga ƙauyenmu har ka hango duwatsun birni babu wata inuwar kirki sai tasu.

A gindin babban cikinsu randar kakata take. Randa ce ta Mirya, ja, mai faɗin baki, an binne gindinta cikin rairayi, da faifai a kai da moɗa a rataye. Kakana ne ya sayo ta, shi ya fara cika ta. Ban riske shi ba, amma maganarsa ta ƙarshe na ji ta har na haddace. Wai ya ce wa matarsa bai je Makka ba, bai gina masallaci ba, abin da ya tura gaba randar nan ce kawai, kada ta bari ta bushe. Kakata ta riƙe wannan magana kamar salla. A wurinta duk kurɓin da matafiyi ya yi, sanyinsa kai tsaye yake sauka cikin kabarin mijinta. In randa ta bushe, shi ne ya kwana da ƙishi. Ba da wasa take faɗin haka ba, kuma ba wanda ya taɓa yi mata dariya.

Rijiyarmu tana da zurfi, kowa ya san ruwa a Damagaram ba abin wasa ba ne. Da sassafe kakata take jan ruwa, ta cika randa, sannan ta tuna da cikinta. Ranar kasuwa kuwa sai ta koma rijiya kafin azahar. Mata masu kai gyaɗa, fatake Kanawa da jakunansu, Buzaye da raƙuma, kowa ya sauke kaya ya sha ya wanke fuska, ya ce Allah ya kai lada kabarin mai ita. Har yau in na rufe ido ina jin ƙamshin ruwan randar nan, ƙamshin ƙasa da sanyi, da warin jaki da kashin awaki masu jiran 'ya'yan gawo su faɗo.

Wani rani sai ga Nasaru da igiyoyi da turaku suna awon fili. Wai suna da ƙaramin jirgin sama na feshin fara, suna son wurin sauka da wurin ajiye shi. Wa ya nuna musu filin? Mahaifina. Aka tara maza aka raba musu gatura a sare gawo, sai kowa ya sunkuyar da kai. Ba wai ƙarfin hali ne ya zo musu ba. Tun zamanin sarakunan da, doka ce a Damagaram, wanda ya sare gawo hannunsa ake sarewa, kuma ko da dokar ta tsufa, tsoronta bai tsufa ba. Mutum ya gwammace a kai shi gidan kaso da ya fara ɗora ƙarfe a jikin gawo. Aka yi cirko-cirko, Nasara yana ta zuba yare. Sai mahaifina ya tuɓe riga, ya tofa yawu a tafi, ya ɗauki gatari. Da ya yi saran farko aka ga hannunsa bai faɗi ba, sauran suka bi.

Kakata ba ta yi kuka ba. Ta tone gindin randarta, ta sa aka aza mata a jaki, muka koma gida. Ta kafa ta a ƙofar gida, amma gidanmu yana can cikin gari, ba matafiyin da zai ratso. Ruwan sai ya wuni ba a taɓa shi ba. Na ga ta fara ramewa.

Nasaru kuwa suka kawo ƙarafa da kwano a manyan motoci suka tayar da wani abu da ba mu taɓa ganin irinsa ba. Tsawonsa ya fi na kuka, faɗinsa ya isa a ci kasuwa a ciki, ƙofarsa turawa ake yi tana kuka. Jirgin da aka yi wa wannan gini, wallahi in kun gan shi a ciki sai ku ce babe ne a cikin rumbu. Aka ba mahaifina gadin wurin, da hula da kulki da mabuɗi. A bakinsa muka fara jin sunan abin: angar.

Wata safiya ya zo gaishe da kakata, ya durƙusa a bakin ƙofa, ta ce masa, "Kai, wannan angar ɗin da kake ta kira, mene ne ma'anarsa a bakin masu shi?"

Ya ji daɗi, ya zaci sulhu ne. Ya gyara zama ya ce ai ba wata babbar kalma ba ce, kalmar manoma ce. A ƙauyukan Faransi kowane manomi yana da angar a bayan gida, dirkoki da rufi kawai, inda yake ajiye amalanke da harawa da kayan noma. Da aka ƙera jirgin sama aka rasa inda za a sa shi, sai aka riƙa tura shi cikin irin waɗannan rumfunan, sunan ya bi shi har yau. Daɗin hira ya ɗebe shi, ya ce shi kansa ya taɓa kwana a cikin wani. Lokacin yaƙi ne, sanyi ya kusa kashe su, shi da abokinsa suka faɗa angar ɗin wani manomi suka shige cikin harawa. Da safe matar gidan ta gan su, baƙaƙe, ba ta jin yarensu ba sa jin nata, ba ta kore su ba, ta koma ta kawo musu madara mai zafi.

Kakata ta ce, "Ashe rumfa ce."

Ya ce, "Rumfa ce, Inna."

Ta ce, "To madalla. Rumfa ai ta wanda rana ta dafa ce."

Kashegari ta aza randa a jaki. Ba ta shiga ciki ba, ta san iyakarta. A jikin bangon kwanon, ɓangaren da ke kallon hanya, inda inuwa ke faɗowa, nan ta tone rairayi ta kafa ta, kusan daidai inda babban gawon yake da. Kafin kasuwa ta zagayo labari ya kai ko'ina. Matafiya suka dawo, inuwa ga ta har ta fi ta da. Kakata ta soma cin tuwo da kyau.

Amma matafiyi ba shi kaɗai yake tafiya ba. Jakuna suka cika wurin da kashi, wani ya kunna taba kusa da gangunan man jirgi, sannan wata rana raƙumin wani Buzu ya taka har tsakiyar fili daidai lokacin da jirgin ke sauka, sai da ya sake tashi ya yi ta kewaya. Nasaran da ke tuƙa shi ya sauko fuska ja wur, ya tsare mahaifina yana nuna randa da yatsa. Da la'asar mahaifina ya juye ruwan, ya ɗauki randa a kansa, soja guda, ya kawo ta gida ya ajiye a hankali. Da safe ta mayar. Da la'asar ya dawo da ita. Haka suka yi ta yi, uwa da ɗa, gari ya zuba ido. In na ce muku kakata ba ta da laifi ko kaɗan na yi ƙarya, ita ma ba kanwar lasa ba ce. Amma ita mijinta take shayarwa. Shi fa?

Ranar da abin ya faru ranar kasuwa ce, zafi kamar a gasa gurasa a ƙasa. Mutane sun cika inuwar. Nasaran ya fito ya tsaya a bakin ƙofa, hannu a ƙugu, kallon mahaifina kawai yake yi. Mahaifina ya zo gaban uwarsa ya rage murya.

"Inna, don Allah ki rufa mini asiri."

"Wanda na rufa maka tun kana tsirara bai isa ba?"

Ina tsaye a wurin, da idona na gani. Ya waiwaya ya dubi Nasaran, ya juyo, ya ɗaga kulki. Bugu ɗaya. Randar ba ta yi wata babbar ƙara ba, ta dai buɗe, ruwa ya kwanta a rairayi, rairayi ya shanye shi nan take. Wani dattijo Bakano yana tsaye da moɗa a hannu, ya miƙa zai ɗiba ke nan. Ya dubi moɗar, ya dubi mahaifina, ya ce innalillahi, ya rataye ta a jikin kwanon ya kama jakinsa.

Kowa ya jira ta tsine masa. Da ta tsine da ya fi masa sauƙi, don an san maganin tsinuwa, a tara malamai a roƙa. Ta sunkuya ta ɗauki tsingaro ɗaya ta ƙulle a bakin zane. Ta ce, "Matar da ba ta san yarenka ba ta bar ka cikin rumfarta ta ba ka madara. Ruwan hannunka ba zai ƙara wuce maƙogwarona ba." Ta kama hannuna muka tafi.

Aka zagaye filin da waya mai ƙaya. Ita kuma ta samo tulu, ta tsallaka hanya, ta zauna a fili fetal, daidai inda in mahaifina ya tsaya a bakin ƙofar angar ɗinsa dole ya gan ta. Babu icce, babu zana, babu komai. Ruwan tulu kafin azahar ya yi ɗumi kamar na wankan jego, amma matafiya suna tsayawa su sha, su yi wa kakana addu'a, su juya su tofar da yawu wajen waya. Wasu samari suka kafa mata 'yar rumfar kara, da ta zo da safe ta tumɓuke dirkokin ta jefar. So take ya gani. Ga inuwar da ta fi kowace girma a ƙasar, jirgi na hutawa a ciki, ga uwar mai gadin tana soyuwa a rana. Mutane suka sa masa suna inuwar giginya, na nesa ka sha. Ni kuwa a dandali ba ni da suna sai 'yar mai fasa randa. Na yi dambe a kan wannan suna har na gaji, kuma abin da ya fi ƙona mini rai shi ne ba ƙarya suke yi ba.

Ya aiko da dattawa, ya aiko da liman, ya aiko da turmin atamfa da sukari. Dattawa ta ba su tabarma, atamfa ta mayar. In ya gaishe ta takan amsa da lafiya, don ta ce ba za ta shiga wuta saboda shi ba, amma daga lafiya ba ƙari. Shekaru suka yi ta wucewa a haka. Rana ta cinye mata ido, fari ya rufe su, har ta koma sai da murya take gane mai sha. Duk wanda ya ce mini ciwon ido ne na tsufa, ƙarya yake yi. Na san abin da ya makantar da ita, na san wanda ya jawo.

Sai aka sami mulkin kai. Aka yi kiɗa a birni, aka sauya tuta. Nasaran ya hau jirginsa wata safiya, bai ko yi sallama da mai gadinsa ba, ba a sake ganinsa ba. Sababbin masu mulki ba su da abin ajiyewa a ƙauyenmu. Mahaifina ya wayi gari da mabuɗin rumfar da babu komai a ciki sai jemagu. Ya naɗe wayar, ya tura ƙofar ta buɗe har ƙarshe, ya tafi Mirya da ƙafa ya sayo randa sabuwa, ja, mai faɗin baki, ya kafa ta a tsakiyar inuwar ya cika. Sannan ya tsallaka hanya ya durƙusa a rana gaban uwarsa, ya ce ta taso, wurin ya zama nata.

Ta ce, "Da mai rumfar yana tsaye ka ce in shigo, da na shigo. Yanzu ba kyauta kake ba ni ba, tsintuwa ce."

Ba ta taɓa taka wannan inuwa ba har ta kwanta ciwon ajali. Da kaka ne, an gama yankan gero, da hantsi. Ɗaki ya cika da mata, liman yana bakin ƙofa, mahaifina yana durƙushe a waje, ƙaton mutum yana kuka kamar yaro. Kowa ya san abin da ake jira. In ta tafi ba ta yafe ba, ya shiga uku duniya da lahira. Liman ya ce, "Baiwar Allah, ki yafe wa ɗanki, ke ma Allah ya yafe miki." Ta daɗe ba ta motsa ba, har muka zaci ta wuce. Sai ta lalubi bakin zanenta, ta kwance tsingaron nan, ta ce a miƙa masa.

"Nonona na yafe. Cikin da na ɗauka na yafe, idona ma na yafe. Randa kuwa ba tawa ba ce, ta ubanka ce. Je ka roƙe shi."

Kafin azahar ta cika.

Bayan an share makoki mahaifina ya fitar da sabuwar randar daga inuwa, ya kai ta tsallaken hanya, inda uwarsa ke zama, ya kafa ta a rana. Kullum da sassafe yana rijiya yana ja cikin mata, ba ya jin kunyar kowa. Ya cika, ya zauna a gefenta ba hula. Sai dai ihu ne bayan hari. An fitar da sabuwar hanyar mota ta wani gefen, fatake sun koma hawa manyan motoci, tsohuwar hanyarmu ta mutu. 'Yan garin kuma sun gwammace su wuce da ƙishinsu. Sai ya wuni ba wanda ya taɓa moɗar, da yamma ya juye ruwan a ƙasa, gobe ya sake cikawa. Haka ya yi har ya tsufa. A inda yake juye ruwan wani ɗan gawo ya tsiro, mutane suka ce alama ce, uban ya yafe. Ni na ce akuya ce ta yi kashi a wurin. Kada ku ce in ji tausayinsa, ba ku kuka ja makauniya zuwa rijiya ba.

Angar ɗin kuwa iska ta fara ɓalle shi, mutane suka ƙarasa. Kowa ya ja kwano ya kafa rumfa a kasuwa, a wajenmu dai haka na ga sunan ya bi kwanon ya bazu. Jikan nan nawa da ke lakwal, makarantar boko, ya ce a littafinsu an rubuta cewa wasu masana suna ganin tushen kalmar ya ma fi rumfar manoma tsufa, wai can asali shingen da ke kewaye gida ake nufi. Na ce wannan kam na yarda, shingen na gani da idona. Yanzu ga rumfuna ko'ina a birni, inuwa ta yi arha, amma ka shiga wata ka ce a ba ka ruwa, sai a miƙo maka a ƙulle cikin leda a tsaya ana kallon hannunka.

Ni ina da randa a ƙofar gida, ta Mirya, da faifai da moɗa. Masu tura baro da 'yan acaba suna sha. Jiya ina cika ta yaron nan ya tambaye ni ladan na wane ne. Na ce guga na farko na kakana ne, na biyu na matarsa. Ya ce to shi mahaifinki fa? Na ce an gaya masa wanda zai roƙa, yanzu suna wuri ɗaya, sai su ƙarata can.

Ya tsaya yana kallona na ɗauko guga na ƙarshe na juye. Ya ce wannan fa na wa? Na ce ba a kiran suna a kansa, kuma ka matsa mini daga nan, ka tare mini hanya.